Dashen Jakar Nono: Haƙurin Jiki da Iyakarsa

Gabatarwa

Akwai sassan jikin ɗan'adam waɗanda kunya takan hana a tsaya a kansu a cikin aji, har malamin ilmin halittu in ya zo babinsu sai ya ƙara sauri ya wuce. Nonon mace yana daga cikinsu. Sai dai cuta ba ta san kunya ba, haka ma masu talla. A yau ɗalibar babbar sakandare, muddin tana riƙe da wayar hannu, ba za ta rasa cin karo da tallar wani asibiti na ƙasar waje ba, wanda ke alkawarin yi wa mata tiyatar dasa jaka a cikin nono, yana mai cewa aikin zai fito tamkar halitta, kuma babu wani haɗari a cikinsa.

Ra'ayina a wannan maƙala shi ne, alkawarin farko mai yiwuwa ne amma bisa sharuɗɗa, na biyu kuwa babu likitan kirki da zai ɗauke shi. Dalilin duka biyun guda ne: jikin ɗan'adam ba ya mayar da baƙon abu nasa, iyakarsa ya yi haƙuri da shi. Duk wanda ya fahimci yadda wannan haƙuri yake gudana, da abin da yake ƙure shi, ya fahimci abin da ke sa aikin ya yi kyau da abin da ke sa ya ɓaci.

Yadda Aka Gina Nono

Nono yana zaune ne a kan faffaɗar tsokar ƙirji, daga wajen haƙarƙari na 2 zuwa na 6. Shi kansa ba tsoka ba ne, saboda haka motsa jiki ba ya ƙara masa girma. Abubuwa uku ne suka haɗa shi. Akwai rukunan da ke haɗa ruwan nono, waɗanda yawansu yakan kai 15 zuwa 20, kowanne da bututun da ke kai ruwan zuwa kan nono. Akwai kitse, wanda shi ne yake ba da mafi yawan girma da laushi. Sa'an nan akwai wasu siraran zaruruwa masu ɗaure shi da fata da kuma ƙirji, waɗanda likitan fiɗa na Ingila, Astley Cooper, ya bayyana a shekarar 1840, har ake kiransu da sunansa.

Girman nono da siffarsa gado ne, amma ciki da shayarwa da ƙiba da rama da tsufa duk suna sauya shi. Girmansa ba shi ne ma'aunin yawan ruwan da zai bayar ba, domin kitse ba ya haɗa ruwan nono. Har ila yau, da wuya a sami macen da ɓangarorinta biyu suka zo daidai wa daida. Ɗan bambanci tsakanin dama da hagu shi ne abin da aka saba gani, kuma yana da kyau 'yan mata su san haka tun da wuri.

Mece ce Jakar?

Jakar da ake dasawa ɓawonta na robar silikon ne. A nan ya kamata ɗalibin kimiyya ya bambance abubuwa biyu masu kama da juna a suna. Silikan shi ne sinadari mai lamba 14 a jadawalin sinadarai, shi ne na biyu a yawa a ɓawon ƙasa bayan oksijin, kuma shi ne jigon yashi. Silikon kuwa doguwar sarƙa ce da ɗan'adam ya ƙera, inda ƙwayar zarra ta silikan da ta oksijin suke bin juna bi da bi, da ƙananan rassa na kabon da haidirojin a gefe. Gwargwadon tsawon sarƙar da yadda aka sarƙe ta da 'yan'uwanta, ana iya samun mai, ko abu mai kauri kamar kunun da ya kwana ya daskare, ko kuma roba. Ana cika jakar ko dai da wannan silikon mai kauri, ko da ruwan gishiri mai ƙarfin kashi 0.9 cikin 100, irin wanda ake yi wa majiyyata ƙarin ruwa da shi.

Kafin a kai ga jaka an sha wuya. A shekarar 1895 wani likitan fiɗa a birnin Haidalbag na Jamus, Vincenz Czerny, ya ciro wani ƙullutun kitse daga bayan wata mata ya cike gurbin da aka yanke a nononta. Wasu likitocin kuma suka riƙa yin allurar kakin farafin, wanda daga baya yakan dunƙule ya yi gyambo. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka koma allurar ruwan silikon tsagwaronsa, musamman a Japan da Amurka. Ruwan ya riƙa yawo a cikin jiki yana haddasa ƙulluttai da ruɓewar nama, har ta kai an yanke wa wasu mata nonon ɗungurungum. Wannan ne ya sa aka gane cewa dole a killace silikon a cikin wani abu. A shekarar 1962 likitoci biyu a birnin Hustan na jihar Tekzas, Thomas Cronin da Frank Gerow, suka dasa jakar silikon ta farko, wadda suka ƙera tare da kamfanin Dow Corning. Jakar ruwan gishiri ta biyo baya daga Faransa a tsakiyar shekarun 1960.

Yadda Jiki Yake Tarbar Baƙo

Kowa ya san abin da yake faruwa idan sartse ko ƙaya ta karye a tafin ƙafa. Wurin yakan kumbura, ya yi zafi, ya tara mugunya, har jiki ya tunkuɗo baƙon waje. Idan ya kasa, sai ya kewaye shi da wani nama mai tauri ya bar shi a nan. Abin da yake faruwa ga jakar nono ke nan, illa dai ita ta fi ƙarfin a tunkuɗo ta.

Da zarar an sa jakar, cikin 'yan mintoci furotin na jini yakan lulluɓe bayanta. Daga nan fararen ƙwayoyin jini su iso. Cikinsu akwai wasu manya da ake kira makrofaj, waɗanda aikinsu shi ne haɗiye ƙwayoyin cuta da tarkace. Da yake jakar ta fi ƙarfin haɗiya, sai su haɗe da juna su zama ƙattin ƙwayoyi su manne a jikinta, sa'an nan su aika saƙo ga wasu ƙwayoyin masu saƙa zaren kolajin, watau zaren da jiki yake ɗinke rauni da shi. Cikin 'yan makonni sai jiki ya gama ɗinka wa jakar kube, kamar yadda dukawa suke yi wa wuƙa. Wannan kube ba cuta ba ne, kowace mace da aka yi wa dashe tana da shi. Idan siriri ne mai laushi, nono zai yi taushi kuma ya riƙa motsi kamar yadda aka saba.

Matsala tana tasowa ne idan kuben ya yi kauri ya fara tsukewa, domin a cikinsa akwai ƙwayoyi masu iya jan jiki kamar tsoka. Sai ya matse jakar, ta dunƙule kamar ƙwallo, ta haura sama. Likitoci suna auna wannan da matakai huɗu da ake kira ma'aunin Baker. A mataki na 1 nono yana da laushi. A na 2 ya ɗan yi tauri amma ido ba ya gani. A na 3 ya taurare har siffarsa ta jirkice. A na 4 kuwa ga tauri ga ciwo. Matakai biyun ƙarshe yawanci sai an sake tiyata.

Me ke tunzura kube? Ruwa ba ya tsami banza. Daga cikin dalilan da aka gano akwai taruwar jini a kewayen jakar bayan aiki, da gashin haske da ake yi wa masu sankara, da kuma ƙwayoyin bakteriya. Wasu bakteriya da ke zaune lami lafiya a fatarmu, in suka sami hawa jakar lokacin aiki, sukan yi wa kansu wata yauƙin rufi su ɓuya a ƙarƙashinta, inda magani ba ya isa gare su sosai. Ba su kawo zazzaɓi, amma suna tsokanar garkuwar jiki shekara da shekaru. Shi ya sa ƙwararren likita yakan tsayar da duk wani zubar jini kafin ya sa jakar, ya wanke gurbin da maganin kashe ƙwayoyin cuta, ya sauya safar hannu, ya kuma hana jakar taɓa fata. Tsabtar ɗakin tiyata ta yau ita ce laushin nono na shekaru goma masu zuwa.

Sharuɗɗan Kamannin Halitta

Nonon halitta yana gangarowa ne a hankali daga sama, cikarsa ta fi yawa a ƙasa, kuma yana sauya siffa idan mace ta kwanta ko ta tashi. Kusantar wannan yana buƙatar abubuwa huɗu.

Na farko shi ne awo. Kowane nono yana da faɗin gindinsa a kan ƙirji, kuma bai kamata faɗin jakar ya wuce shi ba. Idan ya wuce, gefenta zai fito ta wajen hammata ko ta tsakiyar ƙirji, a gan shi ƙuru-ƙuru.

Na biyu shi ne kaurin abin da zai rufe jakar. Likita yakan mintsini naman saman nono ya auna. Idan bai kai kamar santimita 2 ba, to mayafin ya yi shara-shara, kuma gefen jakar da tattarewarta za su bayyana, musamman jakar ruwan gishiri. A irin wannan hali akan sa jakar a ƙarƙashin tsokar ƙirji, ko a rufe samanta da tsoka a bar ƙasanta a bayan nono. Wannan ma yana da nasa farashin, domin ciwon bayan aiki ya fi yawa, kuma jakar takan motsa idan tsokar ta yi aiki.

Na uku shi ne girma. Ana auna jaka da mililita, kuma kowace mililita guda nauyinta ya kusa giram guda. Jaka mai mililita 500 kusan rabin kilo ce, rataye dare da rana a kan fata da zaruruwan Cooper, waɗanda in suka miƙe ba su komawa. Da tafiya ta yi nisa fata takan yi siriri, kitsen da ke rufe jakar ya matse, nonon ya zube. A nan ne neman kyau da neman lafiya suka haɗu a hanya guda: jakar da ta dace da ƙirar jiki ita ce ta fi kama da halitta, kuma ita ce ta fi ƙarancin jawo sake aiki. Daidai ruwa, daidai tsaki. Ya kamata kuma a sani jaka ba ta ɗaga nonon da ya riga ya kwanta, wannan wani aiki ne dabam mai nasa tabon.

Na huɗu shi ne wurin yanka. Akan yanka ta ƙarƙashin nono, ko ta gefen baƙin da ke kewaye da kan nono, ko ta hammata. Yanka ta gefen kan nono yana ratsa kusa da bututun ruwan nono da jijiyoyin ji, don haka ya fi barazana ga shayarwa. Mata da yawa suna shayarwa lafiya bayan dashe, amma akwai waɗanda ruwan nononsu yakan ragu, akwai kuma masu rasa ji a kan nono na ɗan lokaci ko na dindindin. Akwai wani abin lura ga mu baƙar fata: tabo mai tudu, wanda yakan ci gaba da tsiro ya wuce iyakar rauni, ya fi yawa a cikinmu, kuma ƙirji yana cikin wuraren da ya fi so. Wadda ta taɓa samun irinsa bayan hujin kunne, lalle ta faɗa wa likita tun kafin a ɗauko wuƙa. Haka nan shan taba yana tsuke hanyoyin jini ya hana rauni warkewa, ciwon sukari da ba a shawo kansa ba kuwa yana buɗe wa ƙwayoyin cuta ƙofa.

Darussa Uku Daga Tarihi

Darasi na farko daga Amurka yake. Shekaru 30 aka yi ana dasa jakar silikon ba tare da cikakken gwaji ba. Da ƙorafi ya yi yawa, a shekarar 1992 Hukumar Kula da Abinci da Magunguna ta ƙasar, watau FDA, ta taƙaita amfani da ita. Ƙararraki suka yi wa kamfanin Dow Corning rubdugu har ya nemi kariyar fatara a 1995. A 1999 Cibiyar Nazarin Likitanci ta Amurka ta fitar da rahoto cewa ba ta sami hujjar da ke danganta jakar da manyan cututtukan garkuwar jiki ba, amma matsalolin wurin dashen kansa, irin su fashewa da tsukewar kube da sake aiki, suna da yawa. Sai a 2006 aka sake ba da izini, da sharaɗin cewa mai neman ƙarin girma da jakar silikon ta kai shekara 22. A 2011 hukumar ta bayyana cewa cikin masu dashe don ƙarin girma, har mace 1 cikin 5 akan cire wa jakar cikin shekara 8 zuwa 10, cikin masu dashe bayan sankara kuwa abin yakan kai 1 cikin 2. Ashe jaka ba abokiyar zaman har abada ba ce.

Darasi na biyu daga Faransa. A 2010 hukumomi suka gano cewa kamfanin PIP yana cika jakunkunansa da silikon na masana'antu mai araha, wanda ba a amince a sa a jikin mutum ba, kuma jakunkunan suna saurin fashewa. Kafin a farga an dasa wa mata kimanin 300,000 a ƙasashe 65. A 2013 kotu a birnin Marsai ta yanke wa mai kamfanin, Jean-Claude Mas, ɗaurin shekara 4. Da yawa daga cikin matan ba su ma san irin jakar da ke jikinsu ba, saboda ba a ba su wata takarda ba. Araha ba ta ado.

Darasi na uku ya komo da mu kan kube. An ƙera jakunkuna masu kaushin baya domin su kama nama su daina juyawa. Daga baya aka lura da wata sankara ta ƙwayoyin garkuwar jiki da ke tsirowa a cikin kuben, kusan duk a masu irin wannan jaka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtuka a 2016. A watan Yuli na 2019, lokacin da aka ƙirga mata 573 da suka kamu da kuma 33 da suka rasu a duniya, kamfanin Allergan ya janye jakunkunansa masu kaushi na samfurin Biocell daga kasuwa. Cutar ba ta da yawa, kuma yawanci tana warkewa in an cire jakar da kuben da wuri. Alamarta ita ce kumburin nono farat ɗaya bayan shekaru da yin aiki.

Saboda waɗannan darussa, tun 2021 doka a Amurka ta wajabta a rubuta gargaɗi ƙarara a kan kowace jaka, a kuma bi da mace ta cikin jerin haɗurran ɗaya bayan ɗaya kafin ta sa hannu. A cikin jerin har da gajiya da ciwon gaɓoɓi da mantuwa da wasu mata suke kokawa da su, waɗanda ga wasunsu sukan lafa bayan an cire jakar. Kuma da yake jakar silikon takan fashe shiru ba tare da alama ba, saɓanin ta ruwan gishiri da ke sacewa a gani, an ba da shawarar yin hoton MRI ko sikanin bayan shekara 5 zuwa 6, sa'an nan duk bayan shekara 2 zuwa 3.

Ina Ruwanmu?

Mai karatu zai iya cewa wannan duk sha'anin Turawa ne. Ba haka ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2022 mata miliyan 2.3 aka gano suna da sankarar nono, 670,000 kuma suka rasu. A Nijeriya ita ce sankarar da ta fi kama mata, kuma yawancinsu sai cutar ta yi nisa suke isa asibiti. Ɗaya daga cikin abubuwan da ke tsayar da su shi ne tsoron a yanke nono, da abin da zai biyo baya a ɗakin aure. Mace takan ji ƙullutu ta yi shiru, ta bi masu magani wata da watanni, har lokacin ceto ya wuce.

A nan nake ganin babban amfanin wannan ilmi yake. Ya kamata kowace mace ta san cewa ana iya sake gina nono bayan an cire shi, ko da jaka, ko da naman jikinta da aka ɗauko daga ciki ko baya. Hanyar naman jiki ta fi tsawon aiki da jinya, amma babu kube a cikinta, tunda ba baƙo aka kawo ba, kuma takan fi dacewa ga wadda aka yi wa gashin haske. A Amurka tun 1998 doka ta tilasta wa kamfanonin inshorar da ke biyan kuɗin cire nono su biya na sake gina shi. Ina ganin ya dace masu tsara inshorar lafiya a ƙasarmu su dubi wannan a matsayin cikon magani. Malaman addini da dama ma sun bambance tsakanin gyara illa da neman ƙarin ado, kuma fagen hukunci nasu ne.

Game da ado kuwa, ra'ayina a fili yake. Yarinyar da jikinta bai gama girma ba ba ta da abin yi da wannan tiyata. Babbar mace da ta yanke shawara kuma, ta sani ta ɗauki nauyin hotuna da bibiya, da yiwuwar komawa ɗakin tiyata, har iyakar zaman jakar a jikinta. Wadda ta haye jirgi aka yi mata aiki a wata ƙasa ta dawo bayan mako guda, wa zai duba ta ranar da kube ya tsuke? Allurar cika nono da ake yi a ɗakunan kwalliya kuwa komawa ce ga kuskuren da likitoci suka baro tun shekaru 60 da suka wuce, domin abin da aka tsiyaya cikin nama ba ya ciruwa duka. Mayuka da ƙwayoyin ƙarin girma da ake tallatawa a kasuwa su ma abin gudu ne, tunda mai saye ba ta san abin da aka zuba a ciki ba. Garin gyaran gira kada a rasa ido.

Kammalawa

Duk wadda za a yi wa wannan aiki, don magani ko don ado, tana da haƙƙin ta yi tambaya a ba ta amsa. Shin likitan yana da rajista da Majalisar Likitoci ta Nijeriya, ko takwararta a ƙasar da yake, kuma ya ƙware a tiyatar gyaran jiki? Akwai ƙwararren mai sa barci da kayan ceton rai a asibitin? Wane kamfani ne ya ƙera jakar, mai santsi ce ko mai kaushi, kuma za a ba ta katin da ke ɗauke da lambarta? Wa zai riƙa duba ta bayan shekara biyar? Idan za a yi mata hoton binciken sankara a gaba, ta tuna ta faɗa wa mai ɗaukar hoton cewa tana da jaka, domin jakar tana tare wani sashe na nono, kuma akwai dabara ta musamman da ake bi.

Ga 'yan'uwana malamai kuwa, roƙona shi ne mu daina tsallake wannan babi. Darasin martanin jiki ga baƙon abu ana iya koyar da shi da misalin ƙaya a ƙafa, cikin ladabi, ba tare da an kunyata kowa ba. Ɗalibar da ta fita daga ajinmu ta san yadda jikinta yake, mai talla ba zai ruɗe ta da sauƙi ba. Ita ce kuma wadda in mahaifiyarta ko yayarta ta ji ƙullutu a nono, za ta ce mata su tafi asibiti tun yau.